Itace Mai Lamba 214

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Itace ɗari biyu da goma sha uku na auna kafin na yarda na ƙarasa wurinsa. Kwana huɗu ina kewaye shi. Yau dai ba sauran inda zan laɓe, na buga masa lamba 214.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Kamfani ya sayi fili, a turo ni da tef da guduma da gwangwanin fenti biyu, in bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya: kore a bari, ja a sare. Ban taɓa roƙon a canza mini wuri ba sai wannan karon, da na buɗe taswira na ga makiyayar Orlovac ce, ƙauyenmu. Ogana Predrag ya yi dariya ya ce, "Haba Bosa, ai ke ce daidai. Kin san kowa, ba mai sakar miki kare." Sun kuwa sakar mini. Karen Baba Obrad ne, ya gane ni, ya zo ya lashe mini hannu. Shi kaɗai ya gaishe ni.

Manyan sito shida za su gina. A taswirarsu, inda zapis ɗinmu, wato 214, yake tsaye, nan tireloli za su riƙa juyawa. Itacen da duk ƙauye ke addu'a a gindinsa, wanda ko busasshen reshensa ba a kai wa murhu.

Kewayensa mita bakwai da santimita arba'in. Gicciyen jikinsa yana nan, wanda ake sabunta sassaƙarsa duk shekara ranar bikin Waliyyi Bitrus. Babanmu Radoje ne ke sassaƙar har ya rasu. A takarda na rubuta: "Rauni a ɓawo, aikin hannu, santimita sittin." Ban fesa fenti ba, na bar gurbin hukunci a buɗe.

Talata, 24 ga Yuni, tsakar rana

Yaya Gvozden ne ke gadin ƙofar filin, cikin rigar kamfani da ta matse masa tumbi. Ya ce in nuna katin shaida. Ni, da ya goya a bayansa.

"Injiniya, an zo yi wa tsoho awon akwatin gawa?"

Na ce, "Kai kuma an ba ka gadin maƙabartar."

Ya ce aƙalla shi ba ya sa hannu a komai. Ya ɗage mini sandar, na wuce.

Alhamis, 26 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Na bi gangar jikinsa da guduma, ina bugawa ina saurare. Gefen arewa amsawa yake kamar tulun da babu ruwa. Na dai san da kogon, muna yara nan muke ɓuya. Na durƙusa na cusa kai da tocila, sai ƙamshin ya buge ni, kamar 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, haɗe da na sabuwar fata. Sau biyu kacal na taɓa jin sa a rayuwata. Na tura hannu cikin ruɓaɓɓen garin itacen da ya taru a ƙasan kogon, har gwiwar hannu, na ɗebo. Ga kashin ƙwari baƙi-baƙi cike da tafina. Na ƙara tonawa, ga tsutsotsi farare, kowace kamar babban yatsa. Na ƙirga goma sha ɗaya na tsaya.

Buzuzun kogo ne, wanda ba ya rayuwa sai a cikin tsohon itace mai ruɓaɓɓen ciki, kuma doka ta hana a taɓa gidansa. Shekarun itacen ba su cece shi ba, don ba wanda ya taɓa yi masa rajista. Gicciyen Baba bai cece shi ba. Ruɓar cikinsa ce za ta cece shi. Na zauna a ƙasa ina dariya kamar taɓaɓɓiya.

Na ɗauki hotuna, na mayar da kowace tsutsa inda na same ta, na rufe. Ba ni da izinin ɗaukar ko ɗaya, kuma ko da ina da shi, tausayinsu nake ji.

Juma'a, 27 ga Yuni, da safe

Na rubuta wa hukumar kare daji kai tsaye, ban bi ta ofis ba. Predrag bai sani ba. Ba wanda ya sani.

Shekara uku da suka wuce na sami jemagu a wani tsohon itace a wani fili, na faɗa a ofis da bakina. Bayan kwana biyu aka ce tsawa ta faɗa masa ya ƙone. A wancan makon ko gajimare ba a gani ba. Ba zan sake ba.

Litinin, 30 ga Yuni, ƙarfe biyu

Gwaggo Stamena ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Talata, 1 ga Yuli, da yamma

Predrag ya leƙo ya ce, "Malama Bosa, 214 fa? Duk sauran sun sami launinsu, wannan sai ka ce amarya, an ƙi buɗe fuska." Na ce ina jiran sakamakon awo. Ya ce ba matsala, in ɗauki lokacina, zuwa ashirin da ɗaya ga wata. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya sa na fi jin haushinsa.

Alhamis, 3 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya

An amsa. Dakta Vidosava, masaniyar ƙwari, za ta zo da mutum biyu ranar Alhamis mai zuwa, goma ga wata. Sai ta gani da idonta a cikin itacen, hoto kaɗai ba ya zama hujja. Mako ɗaya. In dai kowa ya bar shi yadda yake na mako ɗaya.

Gwaggo ta sake kira. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Ba yadda zan yi, ita ta raine mu bayan Mama.

Azumin Bitrus ake, don haka wake ne ba nama, da burodi da jan barkono. Ƙwai kuwa, da yake ba a cin su a azumi, sun taru mata a kwando har ta rasa yadda za ta yi da su. Shekara saba'in da takwas, amma bakin nan bai tsufa da kwana ɗaya ba.

"To 'yar birni, an tuna da hanya? Na ɗauka wayar taki ma sun shafa mata jan fenti."

"Gwaggo, aiki ne ya yi yawa."

"Aiki. Matar Obrad ta ce ta hango ki kin cusa kai a cikin zapis, ɗuwawu a sama, kamar kaza na tono. Me kike nema?"

Na ce awo nake. Ta ce ƙarya nake, tun ina ƙarama in zan yi ƙarya sai na sosa kunne. Gvozden na gefe yana cin wakensa, kunnuwa a buɗe. Na dubi rigar kamfanin da ya rataye a ƙofa, na dubi Gwaggo, wadda in ta ji magana da safe, kafin kararrawar coci ta buga ta rana an ji ta a ƙauye uku. Na ci gaba da cin wake.

Ta ce, "Za su sare shi ko?" Muryarta ta canza. "A gindinsa aka ɗaura mini aure. A gindinsa ubanku ya tsaya ranar da aka haife ki, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ki faɗa mini gaskiya, Bosiljka."

Ta rako ni har mota. Na faɗi wata 'yar magana a nan, don dai hankalinta ya kwanta. Ba wani abu ba ne.

Ta cusa mini ƙwai ashirin a mota.

Talata, 8 ga Yuli, tsakar rana

An tura ni wani fili can kudu na kwana biyu. Ƙananan itatuwa ne, ba wanda ya kai ni shekaru. Kore, ja, ja, ja.

Laraba, 9 ga Yuli, da yamma

Gwaggo ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Na ji tsoron kada ta sa ni sosa kunne.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe tara na safe, cikin mota

Fari fat. Tun daga kan titi ake hango shi.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Gayya suka yi. Jiya da shekaranjiya, ƙauyen gaba ɗaya, har tsofaffin da ba sa iya zuwa coci.

Sun shafe gangar jikinsa da farar ƙasa har inda tsani ya kai, yadda ake yi wa itatuwan lambu. Sun nome ciyawa, sun share, sun zuba tsakuwa. Baba Obrad ya je ya karɓo izinin Fada, limamin cocinmu, ya yanke manyan matattun rassan nan biyu, suka jera su a gefe a tsare, don ba mai kai su gida. Kogon kuwa sun kwashe shi tas. Baro goma sha huɗu, in ji Baba Obrad, yana faɗa yana buga ƙirji. Da suka gama sai suka hura wuta a ciki don ta kashe ruɓa da ƙwari, suka shafe cikin ma da farar ƙasa. An ajiye hoton Bitrus da kyandir a inda na durƙusa makonni biyu da suka wuce.

Sun shimfiɗa tebur a inuwa, da farin ƙyalle. Gwaggo ta sa baƙin siket ɗinta na coci, ta tari Dakta Vidosava da gahawa da ruwan sanyi da zuma a cokali.

"Sannu da zuwa, 'yata. Ki duba da kyau. Ba yasasshe ba ne, yana da masu shi."

Dakta ta sha gahawar, mace mai ladabi. Ta durƙusa, ta haska tocila, ta daɗe. Ta kankare ɗan abin da ya maƙale a wata tsaga, ta zuba a rariya, toka ce. Ta miƙe tana kaɗe gwiwa ta ce a hankali, "Abokiyar aiki, ina garin itacen?"

Baba Obrad ya cafe. "Dattin? Ai mun raba, Dakta! Taki ne mai kyau. Ki tambayi Stamena, ita ta kwashi baro huɗu."

Gwaggo ta yi dariya. "Kajina sun yi biki! Wasu tsutsotsi ne a ciki, manya-manya, ƙiba kamar 'ya'yan masu kuɗi. Har faɗa suke a kai. Kin ga abin da ke cin tsohon nan da rai, mun raba shi da su."

Ɗaya daga cikin mutanen Dakta ya juya baya yana kallon gona.

A bakin mota Dakta ta ce mini ta yarda da hotunana, ita a ranta ba ta shakka. Amma abin da za ta rubuta shi ne abin da ta tarar: kogo wankakke, ƙonanne, babu mazauni, babu abin da mazauni zai ci. Ta ce, "Ba ki gargaɗe su ba?" Na ce motarsu ta tare hanya, ga tarakta na zuwa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ban fita ba. Ƙwan suna cikin firji.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Biki. An zagaya da tutoci, Fada ya yi addu'a, ya zuba ruwan inabi a gindinsa. Gvozden ne ya sabunta gicciyen, da kurfin sassaƙar Babanmu, ya tuɓe rigar kamfani ya sa farar riga. Hannunsa ya iya, ban san ya iya ba.

An gasa alade, giyar rakija ta zaga. Mutanen da suka yi mako uku ba su amsa gaisuwata ba yau suna ja na in zauna kusa da su. Baba Obrad ya ɗaga kofi ya ce, "Ga 'yarmu da ta kawo manya daga birni! Mun zarge ki a banza, 'yar Radoje, ki yafe." Aka tafa mini.

Gwaggo ta matso ta ce, "Sun gani ko? Sun ga yadda muke kula da shi?"

Na ce, "Sun gani, Gwaggo."

Ta dube ni. Sai a lokacin na lura hannuna yana kunne.

Litinin, 14 ga Yuli, tsakar rana

Na koma da guduma da na'urar awon kauri, ni kaɗai. Wutar ta ci gefen arewa, inda da ma bangon bai fi tafin hannu ba. Sabuwar tsaga ta buɗe daga bakin kogon zuwa sama, mita biyu da rabi. Rassan da aka yanke duk gefe ɗaya suke, yanzu nauyinsa ya karkata. Na auna sau uku, ko lambar za ta ji kunyata ta canza.

A makiyaya, inda ba kowa sai tumaki, zai iya ƙara shekara ɗari a haka. A tsakiyar tireloli da direbobi, ba injiniyan da zai sa hannu.

Gvozden ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Wani abu ya lalace ko?" Na ce ya koma bakin ƙofarsa. Ya ce, "Ni na tura baro shida, Bosa. Ranar hutuna." Ya tsaya kamar yana jiran in ce wani abu, sannan ya tafi.

Shi nake ɓoye wa. Shi.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe uku

Takardar hukuma ta iso ofis, da kwafi ga kamfani. Predrag ya shigo da ita da gahawa biyu. Ya ce da na faɗa masa tun farko, da ya sa an kewaye itacen da waya a ranar. Ko gaskiya yake faɗa ko ƙarya, ba zan taɓa sani ba, kuma ya san ba zan sani ba.

Na kawo shawarar a matsar da wurin juya tireloli mita arba'in. Ya ce, "Da wace hujja, Bosa? Ba ni layi ɗaya da zan nuna musu." Na ce shekara ɗari biyar. Ya ce, "Wane gurbi ne na wannan a takardar?"

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Abin da na ce wa Gwaggo a bakin mota ranar Lahadin nan. Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Na ce, "Ranar Alhamis manya za su zo daga birni su duba shi. Abin da suka gani shi zai raba gardama."

Ke nan. Na faɗa wa matar da ba ta taɓa barin baƙo ya ga ƙura a kan taga ba cewa baƙi na zuwa duba zapis. A gidanta na girma. Na san abin da ake yi kwana biyu kafin zuwan baƙi, ni aka riƙa ba tsintsiya. Kalma uku suka rage mini, kada ku taɓa, na haɗiye su don ina ganin na fi kowa wayo. Kuma ranar Laraba ta kira ni sau biyu.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na zubar da ƙwan. Daga baya na ji kunya, ƙwai ne kawai.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na sa hannu. Ja. Predrag ya ce wani zai je ya fesa, ba sai na je ba. Masu yankan ma daga wani gari za a ɗauko su, don duk yankinmu ba mai ɗora zarto a kan zapis.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Wajen ƙarfe ɗaya mai gadin ofis ya kira ya ce wata tsohuwa na ƙasa da bokiti, ta ƙi hawa na'urar hawa bene, ta ƙi tafiya.

Bas biyu ta shiga. Baƙin siket ɗin nan ne a jikinta. Bokitin madara ne, ta rufe shi da jiƙaƙƙen tawul kada rana ta buga.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Gvozden ya karanta takardar hukuma a ɗakin gadi. Ya karanta mini sau biyu." Ta yaye tawul ɗin. "Wannan a bayan akurki ya rage, kaji ba su kai gare shi ba. Na bi gidan Obrad da na sauran, duk sun zuba a lambu. Ungo. Ki mayar masa da kayansa, ki kira matar nan ta dawo."

Na durƙusa a nan gaban ƙofa, mutane na wucewa da takardu, na zuba hannu. Garin ya bushe. Kashin yana nan, baƙi-baƙi. Can ƙasa na sami tsutsa ɗaya, ta yi baƙi ta ƙanƙance.

Na ce, "Gwaggo, ba a mayarwa."

"Ko an jiƙa?"

"Ko an jiƙa. Kuma na riga na sa hannu."

Ta daɗe tana kallon bokitin. Na ɗauka za ta zage ni, na ma so ta zage ni. Sai ta ce, "Ranar Laraba na kira ki in tambaye ki ko mu kwashe cikin ko mu bari. Obrad ya ce a kwashe, ni na ce bari in ji daga bakin yarinyar, ita ta yi karatun." Ta gyara ɗankwalinta. "Da kin ce mini in kwana a bakin kogon nan da sanda, da na kwana, Bosiljka. Kuma da ba wanda ya ji."

Na ce ta zo in kai ta gida a mota. Ta ce ta sayi tikitin dawowa. Ta ninke tawul ɗinta ta sa a jaka, ta ce bokitin in na gama da shi in aiko, na madara ne.

Yana nan ƙarƙashin teburina. Na zuba masa ruwa kaɗan.